AKWATIN TAMBAYA A ALLON KWAMFUTA: SARRAFA SHI DA HARSHEN DA YA DACE DA SHI

Gabatarwa



Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta ya san wani ɗan akwati da yakan ɓullo a tsakiyar allo, ya katse wa mutum hanzari, ya ce sai an ba shi amsa kafin a ci gaba da aiki. Wani lokaci tambaya yake ɗauke da ita, watau ko a adana takarda kafin a rufe ta. Wani lokaci kuwa gargaɗi ne, ko sanarwar cewa wani abu ya faskara. Wannan shi ne abin da za a riƙa kira akwatin tambaya a cikin wannan lacca.

A ido abin ƙarami ne, amma a nan ne kaɗai na'ura take tsayawa ta nemi izinin ɗan Adam kafin ta aikata abin da ba ya gyaruwa. Akawun da ke shirya takardar albashin ma'aikata, da ɗalibin da ya yi wata shida yana rubuta kundinsa, duk aikinsu yakan rataya ne a kan amsa ɗaya da suka ba wannan akwati cikin ƙiftawar ido. Maƙasudin laccar shi ne a nuna cewa akwatin tambaya zance ne tsakanin mutum da na'ura, kuma yana da sharuɗɗa iri biyu: na ƙira, waɗanda ke wuyan mai tsara manhaja, da na harshe, waɗanda ke wuyan manazarcin Hausa. In ɗaya ya gaza, ɗayan ba ya fisshe shi.

Asalin Abin

Kafin shekarun 1970, mai aiki da kwamfuta rubuta mata umarni yake yi layi-layi, ita ma ta mayar masa da layi. A shekarar 1973 ne cibiyar bincike ta kamfanin Xerox da ke Palo Alto a Amurka ta ƙera na'urar Alto, wadda ta haɗa allo mai hoto da linzamin hannu, aka kuma gwada tagogi a kanta. Daga nan sai Xerox Star a 1981, da Lisa ta kamfanin Apple a 1983, da Macintosh a 1984, sa'an nan Windows ta kamfanin Microsoft a 1985. A cikin waɗannan shekaru ne akwatin tambaya ya sami kamannin da aka san shi da su: ɗan rubutu a sama, maɓallai biyu ko uku a ƙasa.

Akwai wani labari daga zamanin ƙera Lisa, wanda Andy Hertzfeld, ɗaya daga cikin magina Macintosh, ya rubuta. Da farko maɓallin amincewa kalmomin Ingilishi biyu ne a kansa, "Do It", ma'ana aikata. Da aka zo gwaji da mutanen da ba su saba da na'urar ba, sai aka ga wani yana ta kauce wa maɓallin, har ransa ya ɓaci. Da aka tambaye shi dalili, ashe kalmomin biyu sun haɗe masa a ido, yana karanta su "Dolt", watau wawa, yana mamakin abin da ya sa na'ura take zaginsa. Dalilin haka aka sauya rubutun ya koma "OK". Ke nan tun ranar farko matsalar wannan akwati ta haɗa da matsalar kalma.

Zabirar Mai Manhaja

Mai tsara manhaja ba ya zana taga da maɓalli daga tushe duk lokacin da ya tashi aiki. Akwai tarin kayan aiki da aka riga aka ƙera, yana ɗauka yana harhaɗawa, kamar yadda wanzami yake buɗe zabira ya zaro aska ko ƙaho. Daga cikin irin waɗannan zabiru akwai Motif ta 1989, da Tk wadda John Ousterhout ya ƙirƙira a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta fito a 1991, da Qt wadda wasu 'yan ƙasar Norway biyu suka fitar a 1995, da GTK wadda aka fara yi domin manhajar gyaran hoto ta GIMP, ta kai fitowarta ta farko cikakkiya a 1998.

Ko da yake sun bambanta, dukansu a kan tsari ɗaya suke tafiya, wanda za a iya kira zagayen sauraro. Manhaja mai tagogi kamar akawun rajista take a bakin kantarsa. Saƙonni suna zuwa a jere: an taɓa harafi, an motsa linzami, lokaci kaza ya cika, wani ɓangaren allo yana bukatar a sake zana shi. Tana ɗaukar saƙo ɗaya, ta miƙa shi inda ya dace, ta komo ta ɗauki na biye. Muddin tana wannan zagaye, taga tana da rai. Da zarar wani aiki ya riƙe ta ya hana ta komowa, sai taga ta sandare, mai aiki ya yi ta dannawa ba amsa.

To, a nan ne wuyar akwatin tambaya take. Manhaja tana bukatar ta jira amsar mutum, wanda mai yiwuwa ya tashi ya tafi salla ko cin abinci, amma kuma ba ta da ikon daina zagayen sauraro, domin shi kansa akwatin ta wannan zagaye ne yake jin an danna maɓallinsa.

Akwati Mai Tsare Hanya da Mai Rakiya

Akwatunan iri biyu ne. Na farko mai tsare hanya: in ya fito, babbar tagar da ke bayansa ba ta karɓar komai sai an sallame shi. Misalinsa masinjan da ya tsaya a kan babban sakatare da fayil a hannu, ba zai gusa ba sai an sa hannu. Na biyu mai rakiya: yana tsaye a gefe, ana aiki ana komawa gare shi, kamar akwatin neman kalma a cikin doguwar takarda. Tsakaninsu akwai matsakaici, wanda yake tsare taga ɗaya kurum ya bar sauran, irin wanda Apple ya shigo da shi a tsarin Mac OS X a 2001, yana saukowa daga saman tagar da abin ya shafa.

Tun da wuri masana suka yi ƙorafi a kan mai tsare hanya. Larry Tesler, wanda ya yi aiki a Xerox kafin ya koma Apple a 1980, ya shafe rayuwarsa yana yaƙi da duk tsarin da zai kulle mai aiki a wani hali ya hana shi yin abin da ya yi niyya, har lambar motarsa ma wannan ra'ayi ta ɗauka. Hujjarsa a fili take. Sau da yawa amsar da akwati yake nema tana cikin tagar da ya tsare. Ya tambayi akawu lambar fayil, lambar kuwa tana bayansa, ya rufe ta.

Kowace zabira tana da hanyarta ta tsare hanya. A Tk ana ba akwati ikon kame linzami da allon haruffa, sa'an nan a umarci manhaja ta dakata har sai an rushe tagar akwatin. A Qt akwai umarnin da ake kira exec, a tsohuwar GTK kuma akwai takwaransa. Dabarar duka ɗaya ce: ana buɗe ƙaramin zagayen sauraro a cikin babban, shi ke ci gaba da karɓar saƙonni har amsa ta zo, sai a rufe shi a koma inda aka tsaya. Wannan hanya tana da daɗin rubutawa, domin umarnin yana tafiya a miƙe: yi tambaya, karɓi amsa, aikata.

Haɗarin da ke Cikin Jira

Sai dai daɗin yana tafe da haɗari. Mai tsara manhaja yakan ɗauka cewa duniya ta tsaya cik sa'ad da akwatinsa yake jira, alhali hannun mai aiki kaɗai aka tsare. Agogon manhaja yana tafiya, saƙonni daga wasu na'urori suna shigowa, ana kuma aiwatar da su.

A ƙaddara wani akawu ya zaɓi suna na 5 a jerin ma'aikata ya ce a goge. Akwati ya fito yana neman tabbaci, sai aka kira akawun ofishin shugabansa. Kafin ya komo, wani akawu a wani ofishi ya ƙara sabon suna a saman jerin, manhaja ta sabunta jerin a bayan akwatin. Akawu ya dawo ya amince. In abin da manhajar ta riƙe shi ne "layi na 5", to wanda aka goge wani bawan Allah ne dabam, sai ƙarshen wata ya ga ba albashi. Haka kuma in a lokacin jiran aka rufe babbar tagar saboda yankewar sadarwa, amsa za ta komo ta tarar ba mai karɓarta, manhaja ta faɗi da duk abin da ba a adana ba.

Saboda irin wannan ne takardun bayanin Qt suke ba da shawarar a guji exec a yi amfani da umarnin open, wanda yake nuna akwati ya koma babban zagaye nan take, amsa kuma ta zo daga baya a matsayin saƙo. Masu GTK sun wuce shawara: da suka fitar da GTK 4 a watan Disamba na 2020, sun cire umarnin jiran ɗungurungum. Wannan hanya ta fi wahalar rubutawa, amma tana tilasta wa mai manhaja ya tuna cewa tsakanin tambaya da amsa akwai lokaci, kuma lalle ne ya sake duba abin da zai taɓa kafin ya taɓa shi.

Akwai wasu ƙa'idoji da suka biyo bayan wannan. Dole a gaya wa zabira wace taga ce uwar akwatin, in ba haka ba yana iya ɓuya a bayanta, mai aiki ya ga taga ta ƙi motsi bai san dalili ba. Dole a tuna cewa amsa ba biyu ba ce kurum, domin mutum yana iya rufe akwatin ta kusurwa ko ya danna maɓallin Esc, kuma wajibi ne a ɗauki wannan a matsayin janyewa. Maɓallin da zai amsa in an danna Enter bai kamata ya zama na gogewa ba. Har ila yau, a Qt da GTK da Swing ta harshen Java, zaren aiki guda ɗaya ne aka yarda ya taɓa tagogi. Aikin da ke gudana a bayan fage in yana da abin faɗa sai ya aika wa wannan zare. Daga ƙarshe akwai jerin maɓallai: a Windows na amincewa yana hagu, a Macintosh da GNOME yana dama. Qt tana da abin da yake jera su bisa al'adar kowace na'ura, kuma barin wannan aiki a hannunta ya fi, domin hannun mai aiki ya riga ya san inda yake zuwa.

Sabo Turken Wawa

Ko an kiyaye duk waɗannan, akwai sauran matsala, ita ce ta sabo. Jef Raskin, wanda ya fara jagorantar aikin Macintosh, ya yi bayani a littafinsa na shekarar 2000 cewa tambayar da ake yi wa mutum kullum takan zama jiki, har danna "goge" da danna amincewa su haɗe su zama motsi ɗaya. Ranar da tambayar take da amfani, hannu ya riga ido.

Mafi munin misali shi ne na na'urar gashin ciwon daji mai suna Therac-25, ƙirar ƙasar Kanada. Tsakanin 1985 da 1987 an sami haɗura 6 da aka sani, inda ta zuba wa majinyata haske fiye da kima, wasu suka rasu. Allonta na rubutu ne zalla, babu tagogi, amma darasin ɗaya ne. Na'urar ta saba tsayawa tana nuna saƙon matsala da lamba kurum, ba tare da bayani ba, masu aiki da ita kuwa sun saba danna harafin P su ci gaba. A garin Tyler na jihar Texas a 1986 ta nuna matsala mai lamba 54, aka danna P kamar kullum, majinyacin ya rasu bayan 'yan watanni. Binciken da Nancy Leveson da Clark Turner suka buga a 1993 ya nuna cewa asalin laifin yana cikin manhajar, amma saƙon da ba ya faɗin komai da kuma yawan fitowarsa sun taimaka wajen ɓoye shi.

Kamfanin Microsoft ma ya ɗanɗana wannan. Windows Vista, wadda ta shiga kasuwa a 2007, ta riƙa neman izini a kan abubuwa da yawa har jama'a suka gaji, sai da aka rage tambayoyin a Windows 7 a 2009. Maganin da masana suka fi yarda da shi shi ne a rage tambaya a ƙara damar warwarewa. Kwandon shara na kwamfuta misali ne: an goge, amma ana iya tsamowa. Haka nan Gmail ta shigo da damar janye wasiƙa cikin 'yan daƙiƙoƙi bayan aikawa a 2009. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Aikin da yake zarar bunu, wanda ba ya komawa, shi ya cancanci a tsayar da mutum a kansa. Sauran a bar shi ya wuce.

Akwatin Tambaya da Hausa

Windows 7 tana cikin manhajojin da aka yi wa fassarar Hausa, Facebook ma ta shigo da Hausa a 2016. Zabirun da aka ambata duk suna da hanyar ware rubutu daga umarni, ta yadda mai fassara zai karɓi jimlolin a jere ya fassara. Illar wannan tsari ita ce mai fassara yakan ga kalma ita kaɗai, bai ga akwatin da za ta zauna a ciki ba. Ga wasu wurare da Hausa take bukatar kulawa ta musamman.

Na farko, jinsi. Ingilishi lamiri ɗaya gare shi na mutum na biyu, Hausa kuwa tana da ka da ki da ku. In akwati ya ce "Kana so ka goge?" ya bar mata a waje. In ya ce "Kana/Kina so" rubutu ya yi nauyi. Hausa tana da mafita a cikin nahawunta, watau lamirin da ba ya nuna kowa: "A goge wannan takarda?" Jimlar gajera ce, ta game kowa, kuma ita ce irin maganar da aka saba ji a ofis.

Na biyu, tambayar korewa. In aka ce wa Bahaushe "Ba ka gan shi ba?" ya ce "I", abin da yake nufi shi ne bai gan shi ba. Mai tunani da Ingilishi kuwa "a'a" zai ce a wannan wuri. Saboda haka akwatin da ya ce "Ba za a adana ba?" ya ajiye "I" da "A'a" a ƙasa ya raba masu karatunsa gida biyu. Maganin shi ne a rubuta aikin a kan maɓalli: "Adana", "Kada a adana", "Koma". Wannan ya dace da shawarar da Apple da GNOME suka daɗe suna bayarwa, cewa a sa aikatau a kan maɓalli, ta yadda wanda bai karanta tambayar ba ma zai san abin da ya danna.

Na uku, karin sauti da tsawon wasali, waɗanda rubutun boko na yau da kullum ba ya nunawa. "Fasa" a rubuce kalma biyu ce: fasa tafiya, da fasa tulu. A cikin jimla ba mai rikicewa, amma a kan maɓalli kalmar ita kaɗai take tsaye. "Soke" ma tana da soke taro da soke rago da wuƙa, kuma a akwatin da ke tambaya ko a soke rajistar wani, maɓallin "Soke" ba a san ko rajistar zai soke ko tambayar ba. A irin wannan wuri "Bari" ko "Koma" sun fi tsabta. Ita kuwa "To", wadda ta fi kusa da "OK", ta dace da sanarwa, inda ake nufin an ji. Ba ta isa izinin gogewa ba, domin Bahaushe yakan ce "to" a kan abin da bai yarda da shi ba.

Na huɗu, haruffa masu lanƙwasa. Ɓ da ɗ da ƙ da ƴ duk suna cikin tsarin Unicode, kuma zabirun zamani suna iya nuna su in salon rubutun da aka zaɓa yana da su. Wanda ya yar da lanƙwasa don sauƙi ya duba bambancin "ƙi adana" da "ki adana": ɗaya hani, ɗaya umarni ga mace. Sa'an nan a tuna cewa Nijeriya tana rubuta 'y inda Nijar take rubuta ƴ, ga shi kuma tsarin fassarar manhaja ya ba da damar ware Hausar Nijeriya da ta Nijar da ta Gana.

Na biyar, fili. Jimlar Hausa sau da yawa ta fi ta Ingilishi tsawo. Mai manhajar da ya ƙayyade faɗin maɓalli da lamba zai sa a yanke wa kalma wutsiya, ko a rasa "ba" ta ƙarshe a jimlar korewa. A bar zabira ta auna rubutu ta buɗa akwati daidai da shi. In kuma da ajami za a rubuta, Qt da GTK suna iya juya akwatin duka ya fara daga dama, kamar yadda suke yi wa Larabci.

Kammalawa

An ga cewa akwatin tambaya yana da tarihi na sama da shekara 40, kuma gyare-gyaren da aka yi masa sun bi hanya ɗaya: a rage tsare mai aiki, a daina ɗauka cewa komai yana tsayawa lokacin jira, a rage yawan tambaya, a kuma faɗi aikin da sunansa.

Abin da ya rage aiki ne na haɗin gwiwa. Ɗaliban sashen kwamfuta suna bukatar su san cewa rubutun da ke cikin akwati ɓangare ne na ƙira, a yi shi tun farko. Ɗaliban Hausa suna bukatar su nemi ganin akwatin kafin su fassara kalma, su kuma gwada fassarar a kan akawu da malamin asibiti da mai sayar da kaya, kamar yadda masu Lisa suka gwada tasu. Su kuwa ma'aikatan gwamnati da ke karɓar manhaja daga hannun 'yan kwangila, haƙƙinsu ne kafin su sa hannu su zauna su danna "goge" su ga abin da akwatin zai ce, su rufe shi ta kusurwa su ga abin da zai faru, su kuma tambaya ko abin da aka goge yana dawowa.